Man lemona ya lalace, ƙaro kuma ya wanke min haushi

Assalamu alaikum jama'a. Yau da haushi na kunna kyamara, ku yi haƙuri da fuskata. Kun ga kwalbar nan? Man ɓawon lemo ne, kwana goma na yi ina tace shi da tururi a ɗakin bincikenmu nan Jamus. Na bar shi kusa da taga, murfin bai gama ɗauruwa ba, na tafi hutu. Yau na buɗe, wallahi warin tina ya buge ni, kamar na shiga wurin masu fenti. Laifina ne, ban da wanda zan ɗora wa.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na man nan sinadari ɗaya ne, limonin. Shi kuwa ba ya ga maciji da iska, haske da zafi. Wani ya tsere sama, wanda ya rage oksijin ya kama shi ya canza masa kama. Kada wanda ya shafa irin wannan a jiki don Allah, limonin da ya sha iska yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Na taɓa ɗiga shi a bayan hannu, na ga abin da ya biyo baya.

Ina cikin ƙunƙuni malamata ta turo min wata roba, an rubuta E414. Na buɗe na ga farin gari, na karanta bayanin, sai na tuntsire da dariya. Ƙaro ne! Ƙaron dakwara, itacen nan mai ƙaya na Sahel. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, sai Chadi da Najeriya. Na tsaya na yi wa abokan aikina lacca ba su tambaye ni ba, har wani ɗan Italiya ya ce to ya isa haka. Ni dai na ɗan ji kewar gida, ba zan ɓoye ba.

Da shi muke lulluɓe ɗigon mai a cikin ƙananan ƙwayoyin gari don kada iska ta lalata shi. Abin da ya sa ƙaro ya yi fice, yana ɗauke da ɗan furotin, wajen kashi 2 cikin 100 kacal. Wannan ɗan furotin ne ke manne wa ɗigon mai, sauran jikin ƙaron ya miƙe cikin ruwa, sai ɗigon ya kasa haɗuwa da ɗan'uwansa. Mukan dama ƙaro da maltodekstirin, wani gari da ake samu daga sitaci, su ne bangon da zai lulluɓe man, kashi huɗu na bango, kashi ɗaya na mai, mu kaɗa har ya zama kamar madara. Daga nan sai injin feshi mai busar da shi ya zama gari, inda iska mai zafin digiri 180 na Salsiyos ke jiransa. Da farko na ce ai man zai ƙone. Ashe ruwan da ke ƙafewa shi ke sanyaya ɗigon, cikin 'yan daƙiƙu ɓawo ya rufe shi, man ya kwanta a ciki lafiya lau. Ka shinshina garin, ƙamshi kaɗan. Ka zuba a ruwa, ɗakin ya gauraye.

Ba ƙaro kaɗai ake yin bangon da shi ba. Akwai aljinet na ciyawar teku, ana ɗiga shi cikin ruwan kalsiyom ya dunƙule kamar tsakiya. Akwai kitosan na ɓawon jatan lande, shi sai da ruwa mai tsami yake narkewa. Suna aiki, amma ni ɗan ƙaro ne, ku ce son kai ne na yarda.

Gargaɗina ga masu shigowa fannin nan: man da ya maƙale a bayan ƙwayar garin bai samu kariya ba, shi ke fara lalacewa ya ɓata sauran. Kuma garin nan maƙiyinsa laima. Na taɓa barin wani a buɗe lokacin ruwan sama, washegari ya cure kamar dutse.

Kun ji injin yana ƙara? Bakin feshin ne ya toshe kuma. Bari in je in wanke shi kafin malama ta dawo.