Sharhi: Watannin da gadajen yara ke cika a jihar Damagaram

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya taɓa jinyar yaro a asibitocin jiharmu tsakanin Agusta da Oktoba ya san yadda ɗakunan yara suke cika, har gado ɗaya ya ɗauki yara biyu, uwaye kuma su shimfiɗa tabarma a ƙasa. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara kimanin 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin Magaria, inda aka kwantar da fiye da 700 a lokaci guda. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, wannan cunkoso ba ya zuwa ba zato, domin kowace shekara an san watanninsa.

A tsakiyar damina rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, a daidai lokacin kuma sauro ya yawaita a tafkuna da kududdufai. Yaron da tamowa ta riga ta raunana, idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ƙwayar cutar takan farfasa ƙwayoyin jininsa cikin 'yan kwanaki, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari, numfashinsa ya yi sama-sama. Gudawa da ciwon huhu suna biye, su ma sun fi kayar da yaron da bai ƙoshi ba. Da rani kuwa sanƙarau da ƙyanda ne ke karɓar fage, kuma ba mu manta da mashaƙon da ya addabi yankin Matameye a 2023 ba.

Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗin cewa da yawa daga cikin yaran da ke rasuwa a asibiti, a kwana ɗaya ko biyu na farko suke rasuwa, wato sun iso ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Ba daidai ba ne a ɗora wa uwa laifin wannan jinkiri ita kaɗai. Sau da yawa maigida yana gona ko ya tafi cin rani, hanya ta yanke, amalanke ce kawai abin hawa. Akwai kuma wanda idan yaro ya fara jijjiga sai a ce iska ce, a tsaya hayaƙi da rubutu har dare ya raba. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota da na abincin mai jinya suna kan iyaye.

A ganinmu, wurin da jama'ar gari za su fi taimakawa shi ne jini. Yaron da jininsa ya ƙare ba ya iya jiran a aika ƙauye a nemo ɗan'uwa, kuma jini ba a sayo shi daga kamfani, daga jikin mutum lafiyayye ake samunsa. Ya kamata limamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa su tsara ba da jini tun daga watan Yuli, su riƙa maimaitawa har ƙarshen kaka, tun da jinin da aka ɗiba ba ya wuce 'yan makonni a ajiye.

Ku kuma iyaye, idan masu rabon maganin riga-kafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59 suka zo gida, a tabbata yaro ya shanye maganin na kwana uku kowane wata. Yaron da ya ƙi nono, ko yake amai ba tsayawa, ko ya yi jijjiga, a kai shi likita a ranar.