Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Ya Fara Magana Shi Kaɗai, Ina Za A Nufa Da Shi?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Ikko. Takardun da muka ware wa wannan mako duk a kan lafiyar ƙwaƙwalwa suke, galibi ta matasa. Masu rubutowa sun roƙi a sakaya sunansu, don haka unguwa kaɗai za mu ambata.

Ta farko daga wata uwa ce a Agege. Ta ce: "Ɗana shekararsa 19. Wata huɗu ke nan ba ya barcin kirki, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa ta bayan taga. Abincin gida ma ya daina ci, wai ana zuba masa wani abu. Na san yana shan wiwi. An yi ruƙiya, an sha rubutu, abin sai gaba yake yi. Yanzu ƙannen babansa sun ce a sa shi a mota a mai da shi gida, a kai shi gidan mari. Aljanu ne ko wiwi? Yaya zan yi?"

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Likitan da zai gan shi ido da ido ne zai sa wa ciwon suna. Amma alamomin da kika lissafa, jin muryar da kowa ba ya ji, zargin na kusa, ƙauracewar barci, sanannu ne a asibiti. Likitoci na kiran yanayin saikosis, kuma ya fi kama mutum daidai shekarun ɗanki, daga ƙarshen ƙuruciya zuwa ashirin da wani abu. Yana da magani, mutane da yawa suna warwarewa su koma sana'arsu.

Maganar wiwi, tana da hannu a wajen wasu. Wani babban bincike da aka fitar a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, ya nuna mai shan ta kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku a hatsarin kamuwa, in kuma mai ƙarfin ce, kusan sau biyar. Sai dai akwai waɗanda ko sigari ba su taɓa riƙewa ba ciwon ya same su. Saboda haka kada a tsaya ana yi masa gori ko duka wai shi ya jawo wa kansa. Maras lafiya ne, a fara da jinya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a takardarki shi ne wata huɗun nan. Binciken likitoci a ƙasashe daban-daban ya hau kan magana ɗaya: gwargwadon daɗewar da ciwon ya yi ba magani, gwargwadon wuyar da murmurewa ke yi. Mu kuma a nan kudu mun saba, da zarar ɗan'uwa ya fara abin da ba a gane ba, sai a ce a mai da shi gida. A tara kuɗin mota, a yi kwana da kwanaki ana shawara, a isa can a fara zagayen masu magani. Kafin a dangana da likita shekara ta wuce. Alhali ga asibitin a ƙofarmu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba tun 1907 yake nan, yana da sashen kula da yara da matasa a Oshodi. Asibitin koyarwa na jami'ar jiha da ke Ikeja, wanda ya fi kusa da ku, yana da sashen masu wannan lalura, haka ma na Idi-Araba. Ki nemi namiji ɗaya da yaron yake jin nauyinsa, ku kai shi cikin makon nan. Ku tafi da wanda ke jin Turanci ko Yarbanci sosai don ya yi tafinta. Ki faɗa wa likita ranar da abin ya fara da duk abin da aka ba shi ya sha, kada ki ɓoye wiwin don kunya.

Gidan mari kuwa, ina roƙon baffanninsa da girman Allah su janye wannan shawara. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Yaron da ya riga ya yarda ana farautarsa, in aka ɗaure shi an gaskata masa tsoronsa ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana ɗaure irin waɗannan bayin Allah da sarƙa. In kuwa dole sai an koma Arewa saboda a can masu jinya suke, to a sauke shi a asibiti: akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri.

Wani abu kuma, Hajiya. In an fara magani za ki iya ganin jikinsa ya sandare, ko yana yawan barci, ko miyau na zuba. A nan ne mutane ke cewa maganin asibiti ya mai da yaro dolo, sai su watsar. Ku koma wurin likita, ana rage shi ko a sauya wani. In haɗiyar ƙwaya kullum ta gagara, akwai allurar da ake yi wata-wata. Ko ya ji sauƙi kada a tsayar sai da izinin likita, domin yawancin masu komawa ruwa daga nan suke komawa.

Takarda ta biyu daga wani malami ce a Idi-Araba, mai yi wa jama'a ruƙiya. Ya ce: "Wannan bincike da kuke ta ambata, ba na Turawa ba ne a kan Turawa? Ko so ake mu bar addu'a?"

Allah gafarta Malam, tambayarka ta yi daɗi. Tun 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta, ya ɓullo da wani tsari a asibitin Aro da ke can Abekuta wanda duniya ta zo tana koyo. Maimakon a kulle maras lafiya a ɗaki, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani nasa, da rana ya je asibiti ya karɓi magani, ya dawo cikin mutane. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A zamaninmu kuma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada wani abu a Ibadan da Kumasi ta Gana. Sun haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Maras lafiya yana nan a hannun mai addu'arsa, ma'aikacin lafiya yana zuwa yana duba shi yana ba shi magani. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna bayan wata shida waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Wannan binciken gida ne, a kan mutanenmu.

Kuma Malam, kai ka fi ni sanin hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Zaurenka aka fi sani, nan ake fara zuwa. In aka kawo maka wanda ya kwana uku bai rintsa ba, ko mai jego da ta fara sambatu, ko wanda ke maganar kashe kansa, ka yi masa tofi, sannan ka ce da iyayensa gobe su wuce asibiti. Kalmarka ɗaya ta fi awa guda ta surutunmu a rediyo tasiri.

Ta uku daga Mil Sha Biyu take, wani matashi ɗan shekara 24. Ya ce tun da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a Yunin 2022 ya koma dako, tiramol ke riƙe shi a wurin aiki, yanzu in bai sha ba jikinsa rawa yake, ga baƙin ciki ba dalili. Yana tsoron maganin asibiti ma ya kama shi.

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Rahoton ƙididdiga na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suka sha. Kada ka yanke tiramol ɗin dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki, likita ke tsara yadda za a riƙa ragewa. Ka kuma sani yawan shansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin ciwon damuwa ba ya bugarwa, ba ya sa kwaɗayin ƙari. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, sai ka yi haƙuri da shi. Asibitin Yaba yana da sashen masu son rabuwa da shaye-shaye.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce a Obalende. Ta ce ƙawarta 'yar shekara 17 ta faɗi jarrabawar shiga jami'a, ta daina fita, ta daina ci, sau biyu tana ce mata gara ma ta mutu kowa ya huta. Ta kuma sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

'Yata, wannan ba sirrin riƙewa ba ne. Ki faɗa yau, ba gobe ba. Ki zaɓi babba mai sanyin hali a gidansu, uwa ko yaya ko gwaggo, wadda ba za ta hau ta da faɗa ba. Rantsuwa tana da kaffara, ki tambayi malaminku na Islamiyya. In ta yi fushi da ke za ta huce.

Ku kuma iyaye da ke saurare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin waɗannan cututtuka kafin shekara 14 suke somawa. Yarinyar da ta ce gara ta mutu ba shagwaɓa take ba, ba kuma raunin imani za a fara ɗora mata ba. A zauna a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin halaka kanta. An bincika an gani, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa don ya samu mai sauraro. Kada a bar ta ita kaɗai a kwanakin nan. A kwashe maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga gidan, domin irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi ne na ɗan lokaci ya lafa. Ƙasar Siri Lanka da ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba, yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi.

A kai ta ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Asibitin koyarwa na Idi-Araba yana da shiri na musamman kan wannan matsala tun 2017. In kuwa ta riga ta sha wani abu, kada a ɗura mata manja ko madara, kada a sa ta amai. A ɗauki kwalbar a garzaya asibiti mafi kusa, ko a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Legas, kyauta ne.

Lokaci ya cim mana. Sauran takardun sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.