Kantar baƙar fata, kantar farar fata: hirarmu kan kiɗan Amurka

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Nasiru, Ɗanlami, kun ga yadda zaurenmu na WhatsApp ya ɗauki zafi ko? Tun da aka sake turo bidiyon Beyoncé da hular kaboyi ba a huta ba. Wani ya rubuta wai baƙar fata ba ya jin kiɗan kantiri, Bature kuma bai iya tafi a kan kiɗa ba, wai abin a jini yake.

Ɗanlami: Maganar tafin dai ina bayanta.

Hadiza: Za mu zo kanka. Tsarinmu yau uku ne: inda rabuwar ta samo asali, abin da alƙaluma suka ce, sannan mu rufe da shawarar abin da mutum zai saurara.

Nasiru: To, Hajiya, a fara da abin da ba a musu a kansa. Bambancin yana nan. Ka shiga taron kiɗan kantiri a Nashbil, mafi yawan 'yan kallo fararen fata ne. Ka kunna tashar R&B a Atlanta, mafi yawan masu sauraro baƙaƙen fata ne. Tambayar ita ce wa ya gina katangar, kuma ana iya nuna shekarar da aka ɗora tubalin farko. A 1920 kamfanin Okeh ya naɗi Mamie Smith, baƙar fata, tana rera Crazy Blues. Faifan ya yi kasuwar da ba su zata ba, a nan suka gane baƙaƙen fata ma suna da kuɗin sayen faifai. Sai suka buɗe musu jeri na daban, suka kira shi faifan launin fata. A 1923 Ralph Peer na wannan kamfanin ya je Atlanta ya naɗi wani Bature mai goge, Fiddlin' John Carson, aka buɗe jeri na biyu na Turawan ƙauye.

Ɗanlami: Jeri kamar yaya, Malam?

Nasiru: Lambar kundin kaya. A Okeh, lamba 8000 da 'yan kai ta baƙaƙe ce, 45000 ta Turawan ƙauye. A Columbia 14000 ta baƙaƙe, 15000 ta farare. Mai kanti yana odar kaya da lamba, kuma unguwar da yake ita ke nuna lambar da zai nema. Talla ma haka, wannan a jaridar baƙaƙe irin Chicago Defender, wancan a wasu jaridun. To ga abin dariyar. A 1927 Columbia ta saki faifan wasu 'yan'uwa Turawa biyu, Allen Brothers, a jerin 14000, saboda wanda ya saurara a ofis ya ɗauka baƙaƙe ne. Suka tayar da ƙayar baya har da maganar kai ƙara.

Hadiza: Wato shi kansa kamfanin kunnensa bai iya bambancewa ba.

Nasiru: Ina zai iya? Makaɗan kudancin Amurka na lokacin, baƙi da fari, waƙoƙi ɗaya suke juyawa a wurin rawa. Hank Williams, tauraron kantiri, a wurin wani baƙar fata, Rufus Payne, ya koyi gita. A.P. Carter yana yawon tattara waƙoƙi da Lesley Riddle, shi ma baƙar fata, shi ke haddace karin waƙa, Carter na rubuta baituka. Jimmie Rodgers, wanda ake kira uban kantiri, ya yi faifai da Louis Armstrong, baƙar fata mai busa kakaki, a 1930. Amma idan baƙin makaɗi ya zo da goge da banjo, sai mai naɗi ya ce masa buluz muke so daga wurinka, wancan ba na kantarka ba ne. Mai neman abinci zai yi abin da ake biya. Shekara goma, ashirin, sai yara su taso ba su taɓa ganin baƙar fata riƙe da banjo a jikin faifai ba.

Ɗanlami: Alhali banjon namu ne.

Nasiru: A hankali da “namu”. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro shi a tsibiran Karibiyan da Amurka. Na farko-farkon ƙwarya ce aka rufe da fata, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya, ɗaya gajera da ake bugawa da babban yatsa. Wanda masana suka fi dangantawa da shi shi ne akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Gurminmu da molo dangi ne a ƙira, amma kar ka je ka ce daga Kano aka kai shi.

Ɗanlami: Ai da ma Kano ba za a kai komai kyauta ba.

Hadiza: Ka ji Bazazzagi. Tun da ka taɓo ni, zo mu yi maganar tafin naka.

Ɗanlami: Yawwa. Kiɗan nan bugu huɗu ne, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Babbar ganga tana faɗawa a ɗaya da uku, ƙaramar mai kaifin sauti a biyu da huɗu. A cocin baƙaƙen fata ana tafi a biyu da huɗu, tare da ƙaramar. Taron Turawa kuwa sai su tafa a ɗaya da uku, sai kiɗan ya yi nauyi, ya koma fareti. Wannan ba ƙarya ba ce, akwai bidiyo.

Nasiru: Akwai. Kuma a bidiyon da ya fi shahara, wa ke kan fiyano? Harry Connick Jr., Bature ɗan Niyu Olins. 'Yan kallo na tafa masa a ɗaya da uku, sai ya ƙara bugu guda a gaɓa ɗaya, ta zama biyar maimakon huɗu. Su ba su canja komai ba, amma tafinsu ya koma kan biyu da huɗu ba su sani ba.

Hadiza: Allah Ya kai wannan mutumin bikin Zariya.

Ɗanlami: Mu ba ma kuskuren tafi.

Hadiza: Ba kwa kuskure, ku dai sai an gama waƙar kuke farawa, don sai kun tsaya kun duba nahawunta.

Ɗanlami: Ku kuma Kanawa hannu ɗaya ne ke tafi, ɗayan na riƙe da aljihu.

Hadiza: Hannu ɗaya ba ya tafi, malamin makaranta.

Ɗanlami: Shi ya sa ba a jin ku. Bakano zai tambayi maroƙi ko akwai ragi idan ya tafa sau biyu kawai.

Nasiru: To ni Bakatsine ina zan tsaya?

Hadiza: Kai ka tsaya kunya ta hana ka tafawa gaba ɗaya.

Ɗanlami: Ya tafa a zuci.

Hadiza: A ɗaya da uku.

Nasiru: Kun gama? Minti nawa muka ci a nan, don Allah. Abin da nake so na kawo shi ne an gwada wannan magana ta jini. A 2005 Erin Hannon da Sandra Trehub suka kunna wa jarirai a Arewacin Amurka kiɗan yankin Balkan, irin na Bulgeriya, mai bugu bakwai da ba ya rabuwa daidai. Sai su ɓata awon kiɗan kaɗan, su auna tsawon lokacin da jariri zai zuba wa allo ido, don jariri yana daɗewa a kan abin da ya ji ya canja. 'Yan wata shida suna gane ɓacin a kiɗan gida da na Balkan duka. 'Yan wata goma sha biyu sun daina ganewa a na Balkan. Aka ba iyayen faifan su riƙa kunnawa a gida na mako biyu, sai ganewar ta dawo. Manya da aka yi wa haka ba su kamo jariran ba. To yaron da ake goyawa zuwa coci ana tafi a biyu da huɗu duk Lahadi, kunnensa ya gama saituwa kafin ya fara tafiya.

Hadiza: Mu ma ai shaida ne. Me ya haɗa Bahaushe da sarewar fim ɗin Indiya in ba sinimomin Kano da rediyo ba? Don Williams mawaƙin kantiri kuma, motocin haya nawa ne a ƙasar nan suka ci kaset ɗinsa?

Nasiru: Shi da Jim Reeves da Dolly Parton, daga Najeriya har Kenya. Baƙaƙen fata ne masu saurare, babu wanda ya ce musu wannan kiɗan ba nasu ba ne. A Amurka kuwa jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa ya zo ya ƙara wa katangar siminti. Mujallar Billboard ta buɗe jadawalin baƙaƙe a 1942 da sunan unguwar Harlem. A 1945 ya koma faifan launin fata, a 1949 Jerry Wexler ya kawo sunan R&B, a 1969 aka ce Soul, a 1982 aka fito fili aka ce jadawalin baƙaƙe, a 1990 aka koma R&B. Suna na canjawa, kantar na nan. Daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1965 ma sun daina buga shi gaba ɗaya, lokacin da waƙoƙin Motown, kamfanin mawaƙa baƙaƙen fata, suka cika babban jadawali, sannan suka dawo da shi.

Ɗanlami: Amma Turawa ai suna tsallaka katangar.

Nasiru: Kullum. Ƙofar ce take buɗewa ta gefe guda. A shekarun 1950 Little Richard, baƙar fata, zai saki waƙa, sai Pat Boone, Bature, ya sake rerawa a sanyaye, manyan tashoshi su ɗauki ta Boone. Big Mama Thornton ta saki Hound Dog a 1953, Elvis ya yi tasa a 1956, duba wadda duniya ta sani. Ta ɗaya gefen, Charley Pride, baƙar fata mai waƙar kantiri, da kamfanin RCA zai tura waƙoƙinsa na farko gidajen rediyon kantiri a tsakiyar shekarun 1960, ba a haɗa da hotonsa ba. Aka bari suka so muryar tukuna. Ya ƙare da waƙoƙi 29 da suka hau lamba ɗaya a jadawalin kantiri. Tashar talabijin ta MTV ta buɗe a 1981, ta ce ita tashar rok ce, sai da waƙar Billie Jean ta Michael Jackson ta zo a 1983 ƙofar ta buɗe sosai. Kuma kar a manta kuɗin talla. Akwai kamfanonin da ke ba dillalan tallansu umarnin kar a sa tallarsu a tashoshin baƙaƙe, har sai da hukumar sadarwa ta FCC ta shiga maganar. Tashar da ke son tallar mota mai tsada ta san irin waƙar da za ta guje wa.

Hadiza: Alƙaluma fa? Wani a zauren ya ce kashi 70 ko 80 na masu sayen gambarar zamani Turawa ne.

Nasiru: Wannan adadi a riƙe shi da hannu biyu. Kafin 1991, Billboard waya take bugawa kantuna ta tambayi me ya fi tafiya, mai kanti ya faɗi abin da ya ga dama, wani lokacin abin da ɗan kamfani ya shafa masa ya faɗa. A watan Mayun 1991 aka koma SoundScan, na'urar wurin biyan kuɗi ke ƙirga kowane faifai. Cikin 'yan makonni N.W.A, 'yan gambarar zamani, suka hau lamba ɗaya, a watan Satumba Garth Brooks na kantiri ya shigo kai tsaye a lamba ɗaya. Ashe duka biyun ana danne su. Amma na'urar ba ta ganin fatar mai saye. Wurin da kantin yake ake dubawa a yi hasashe, kuma manyan kantunan unguwannin Turawa ne suka fara samun na'urar. Kaset ɗin da ake sayarwa a but ɗin mota ko shagon aski, da wanda aka kwafa wa abokai biyar, duk ba su shiga lissafi. Sannan baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne na ƙasar. Duk waƙar da ta sayar da miliyoyi dole Turawa da yawa sun saya, wannan lissafin firamare ne. Bai gaya maka wa ya fara ɗaga waƙar ba.

Ɗanlami: Yanzu da kowa ke da Spotify ai an gama.

Nasiru: Manhajar tana duba mutanen da jerin waƙoƙinsu ya yi kama da naka, ta ba ka abin da suka ji. Idan tsohon rabon yana cikin jerin, shi za ta maimaita. Kuma masu gadin kanta suna nan. A Maris 2019 Billboard ta cire Old Town Road ta Lil Nas X, baƙar fata, daga jadawalin kantiri, wai ba ta da isassun siffofin kantirin yau. Kiɗan da ya saya dala 30 a intanet daga wani yaro ɗan Holan, kuma akwai banjo a ciki. Ya sa mawaƙin kantiri Billy Ray Cyrus a kai, ta yi mako 19 a saman babban jadawali. A 2024 Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙin kantiri, Rhiannon Giddens ce ta buga banjon, amma ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA ba ta sa ta a takara ko ɗaya ba, sai Grammy ce ta ba ta kundin shekara a 2025. A dai 2024 ɗin Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ma ya yi mako 19. Ban ma taɓo daren da aka fasa faifan disko a filin wasa a Shikago a 1979 ba, wanda...

Hadiza: Malam Nasiru, mai naɗi yana ta ɗaga mini hannu. Shawarar abin saurare fa?

Nasiru: Ray Charles, kundin kantirinsa na 1962. Sai DeFord Bailey, sai...

Hadiza: Sauran mu tura a zaure. Ɗanlami, yi sallama.

Ɗanlami: Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Kanawa a turo kuɗin data.