Darasi: Bidiyon da ƙungiyar dashen itatuwa ya kamata ta ɗauka

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da war haka. Darasin yau na 'yan ƙungiyoyin sa kai ne, musamman masu dashen itatuwa da masu kula da wuraren shaƙatawa a nan Kaduna.

Duk shekara in 5 ga Yuni ta zagayo, wato Ranar Muhalli ta Duniya, hoto iri ɗaya muke gani. Babban baƙo ya saɓa babbar riga, ya riƙe shebur, ana tafi, ga ƙyallen ƙungiya a baya. To wannan hoton na rahoton da za ku kai wa masu ba ku tallafi ne. Mutumin Rigasa da ke latsa waya a cikin Keke Napep wucewa zai yi, don ya san dashe da damina ba wuya. Tambayarsa ita ce, bishiyar ta rayu kuwa?

Saboda haka ku ajiye babbar ɗauka sai watan Maris, bayan hunturu ya wuce, zafi ya kankama. Ku koma wajen dalbejiyar da kuka dasa, da sassafe, rana tana bayanku. Ku tsuguna, ku riƙe waya a tsaye daidai tsawon bishiyar. A ga tsohon kwandon da aka kife mata saboda awaki, a ga danshin gindinta, a ga sabon tofo a kai. Sannan ku nemo mai ba ta ruwa. Sau da yawa ba ɗan ƙungiya ba ne ma, maigadin makaranta ne ko mai shayin bakin titi. Ku gaishe shi, ku ce, "Baba, ka yarda mu ɗauke ka?" In ya yarda, ku bar shi ya yi magana da bakinsa, kada ku rubuta masa komai. In ya ce ragowar ruwan ɗauraye kofuna yake zuba mata kullum, shi ke nan, kun sami bidiyonku. Mata da yara kuwa, sai da izininsu da na iyaye.

Waɗanda suka bushe fa? Ku nuna su, ku faɗi adadinsu. Na san shugabannin ƙungiya ba sa son haka, amma shi ke sa a yarda da sauran maganarku.

Yanzu sauti. Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa haƙuri da hayaniya. In kuna wurin shaƙatawa na Gamji, bakin kogin Kaduna, iska za ta cika muku waya. Ku juya mata baya, ku matso da waya kusa da bakin mai magana. Af, tunda mun zo Gamji: ku daina rubuta "ku zo ku shaƙata" kawai. Ga gadar Lugard nan, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta a kawo nan. Ku nuna ƙarafunanta da ƙusoshinta kusa-kusa, malamin makaranta ya ga dalilin kawo ɗalibansa.

Kuma Kaduna ba harshe ɗaya take ji ba. Ku yi na Hausa, ku yi na Turanci, don ya shiga Tudun Wada da Kawo, ya shiga Barnawa da Sabon Tasha. Rubutun kan allo ya zama manya, don wasu ba sa kunna murya.

A ƙarshen bidiyon, buƙata ɗaya tak za ku faɗa. In kwanduna kuke nema, ku ce kwanduna, ku faɗi inda za a kai da ranar. Sai ku tura ta WhatsApp, ku cire muryar ku kai gidan rediyo. A darasi na gaba za mu ga yadda ake yanka bidiyon a waya. Sai mun haɗu.