Lacca: Abin da Ɗan Wasa Ke Koya a Zauren Atisaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamai, ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka. Batun da aka ba ni shi ne atisayen rukuni, wato zaman da ɗaliban wasan kwaikwayo ke yi tare don su goge a sana'a. Zan shiga kai tsaye saboda lokaci.

Mawaƙi zai iya rufe ƙofa ya yi ta gwada muryarsa, marubuci ma haka. Ɗan wasa kuwa rabin aikinsa a bakin abokin wasansa yake. Abin da zai faɗa, da yadda zai faɗe shi, da lokacin da zai buɗe baki, duk sun rataya a kan abin da aka faɗa masa yanzun nan. Ɗalibin da ya haddace maganganunsa a gaban madubi yakan hau dandamali da fushinsa da murmushinsa a shirye tun daga gida, sai ya tsaya yana jiran abokinsa ya gama shi ma ya sauke nasa. 'Yan kallo suna gane wannan ko da ba su san sunan cutar ba. Maganinta sauraro, shi kuwa sauraro ba a koyonsa sai da mutane.

Wannan hanya tana da tushe a nan gida. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an fara karatun wasan kwaikwayo a 1975, ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar da ya samu a Zambiya. Gidan wasan da aka gina musu na ƙasa ne, fili a tsakiya da ɗakuna kewaye, irin tsarin gidan Bahaushe. Ɗalibai kan fita cikin Samaru su ji matsalolin mutane, su dawo su gina wasa a kai ba tare da rubutu ba, sannan su mayar wa mutanen a kan titi. A Nijar ma ƙungiyar Yazi Dogo, da ta tashi a Damagaram, ta shahara da gina wasanninta a wurin atisaye: a yarda da ƙashin labari, kowa ya sa masa nama da bakinsa. Ko yaran da ke tashe da azumi, tare suke shirya abinsu, babba ya gyara wa ƙarami.

To, yaya ake tsara zaman? Rukuni ya kasance mutum 12 zuwa 16. In sun gaza 8 ba za a sami masu kallo ba yayin da wasu ke wasa. In sun haura 20, rabinsu za su jingina da bango har a tashi. Zama na awa 3 ya wadatar, sau 2 ko 3 a mako, kuma a sa shi inda sallah ba za ta faɗo tsakiyar aiki ba. Daga hantsi zuwa kafin azahar ya fi. Rabon lokacin: minti 20 na jiki, 25 na numfashi da murya, 30 na sauraro, 10 na hutu, 60 na ƙirƙira, 35 na sharhi. A share ƙasa, a cire takalma, a tara wayoyi wuri ɗaya. Wanda ya makara ya motsa jikinsa a gefe kafin ya shiga.

Motsa jiki ba zan daɗe a kai ba. Daga wuya zuwa kafaɗa, ƙugu, gwiwa, idon sawu, sannan tafiya a cikin fili ana sauya sauri da tafin jagora. Abin lura ɗaya ne: in aka bar su, za su riƙa zagaye da'ira suna bin juna. A ce musu kowa ya nufi inda ya ga babu kowa. Nan ne ɗalibi ke fara kallon filin gaba ɗaya maimakon ƙafafunsa.

Numfashi. Kowa ya ɗora tafin hannu a cikinsa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga 4, ya riƙe 4, ya sake ta da sautin "sss" yana ƙirga 8. Hannun ne ya kamata ya motsa. In kafaɗa ta ɗaga, iskar ta tsaya a ƙirji, kuma mai irin wannan numfashi yana kaiwa tsakiyar jimla zai ƙare, ya matse maƙogwaro don ya ƙarasa, kwana 3 murya ta dishe. A ƙara ƙirgen sakewa sannu a hankali, 12, 16, har 20 cikin makonni. Wanda ya ji jiri ya zauna. Daga nan a yi gunji da baki a rufe har leɓe ya ɗauki kaɗawa, sai karya harshe: "turmi ture kura, kura ture turmi", da na kwaɗo da ƙato da koto. A fara a hankali ƙwarai. Gudu ba shi ne burin ba. So ake ƙ ta fita daban da k, ɗ daban da d. Sannan a jera su biyu-biyu, tazarar mita 5, sai 10, sai 15, ɗaya ya faɗi jimla ɗayan ya maimaita abin da ya ji. Kuskuren da aka fi yi a nan ihu ne. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, ihu kuwa yana baje su duka, sai na baya ya ji ƙara amma bai ji magana ba. Da hunturu a tanadi ruwa mai ɗumi. Da azumi a rage aikin murya, a ƙara na ido da jiki.

Yanzu sauraro, inda nake son ku ba ni hankalinku. Atisaye na farko: a tsaya a da'ira, ido a ƙasa, rukuni ya ƙirga daga 1 zuwa 20, mutum ɗaya lamba ɗaya, ba tare da an tsara wa zai bi wa ba. Biyu suka yi magana tare, a koma 1. Makon farko da wuya su wuce 7, domin masu baki suna rige-rige, masu kunya sun yi shiru. Ranar da suka kai 20, mai surutu ya koyi jira, mai kunya ya koyi shiga. Na biyu shi ne kara. A ba mutum biyu karan dawa mai tsawon mita 1, kowa ya tokare bakinsa da ɗan yatsa, su yi tafiya, su durƙusa, su juya, kada ya faɗi, kuma babu magana. Wanda ya tura da ƙarfi zai kore abokinsa, wanda ya saki jiki zai yar da karan. Wannan atisaye yana da wata fa'ida a wurinmu: littattafan koyarwa na waje cike suke da atisayen riƙe hannu da faɗawa jikin juna, abin da ba zai yiwu tsakanin maza da mata a yawancin rukunoninmu ba. Kara yana ba da wannan darasi ba tare da an taɓa kowa ba. Jagoran da ya tilasta taɓa jiki zai wayi gari 'yan matan rukuninsa sun daina zuwa, kuma laifinsa ne.

Sai ƙirƙirar nan-take. A kasa su mutum 3 ko 4, a ba su minti 5 na shiri, minti 3 na wasa. In shiri ya yi tsawo za su tsara kowace kalma, an koma hadda ke nan. Tambaya 3 kawai za su amsa: su wane ne mu, ina muke, me kowa ke so. Ta ukun ita ce jigo, kuma tun zamanin Stanislavski, shahararren malamin wasan kwaikwayo na Rasha, a kanta ake gina horon ɗan wasa. Ga misali. Mai shago da maƙwabcinsa da ya ci bashin shinkafa. A rubuta wa kowa buƙatarsa a 'yar takarda, kada ɗayan ya gani. Mai shago: yau sai ka karɓi kuɗinka, amma kana neman auren ƙanwarsa. Maƙwabci: ba ka da ko sisi, kuma ka zo ne a ƙara maka wani mudun. Sai ka ji mai shago ya ce, "Malam Sani, ya mutan gida? Ya su Ladi?" yana shafa littafin bashi bai buɗe ba. Ɗalibin da ke saurare zai tsinci sunan Ladi a nan, ya gane ya sami ƙofa, ya ce, "Ai jiya ma ta tambaye ka." Babu wanda ya rubuta wannan, kunne ne ya kawo shi.

Abu 3 ke kashe wannan aiki. Na ɗaya ƙin karɓa: an ce masa "ga ɗan sanda nan tafe", ya ce "ni ban ga kowa ba". Ya rushe abin da abokinsa ya gina, wasa ya tsaya cik. Dokar ita ce ka karɓi abin da aka miƙo maka, ka ƙara naka. Na biyu neman dariya. A kowane rukuni akwai mai barkwanci, kuma da zarar ya ji an yi dariya sau ɗaya, ya bar labari ya koma wasa da 'yan kallo. Kada a kashe masa baiwa. A ba shi fitowar da ba zai yi magana ba ko kaɗan, a ga abin da zai yi. Na uku, wanda ya fi damuna, wa'azi. Ɗalibanmu sun taso da wasannin faɗakarwa, don haka minti 2 da farawa sai wani ya juyo ya fara jawabi a kan illar bashi. Mutumin da ake bi bashi ba ya lacca a kan bashi, hanyar tsira yake nema. In wasan ya yi kyau, masu kallo za su ciro darasin da kansu. Akwai dabarar Augusto Boal na Brazil da ke taimakawa: a tsayar da wasa a inda ya ƙulle, wani daga masu kallo ya karɓi matsayin wanda aka matsa wa, ya gwada tasa mafitar a aikace. Mai shawara a baki sai ya tashi ya nuna.

Sharhi shi ne inda rukunoni ke watsewa, don haka a bi tsari. Waɗanda suka yi wasa su zauna, kada su kare kansu. Masu kallo su faɗi abin da suka gani da ido: "ka juya mana baya lokacin da ka roƙe shi", "ban ji ƙarshen maganarki ba". Ba a yarda da "bai yi kyau ba" ko "ka burge ni" ba, domin babu abin da ɗan wasa zai gyara da su. Sannan su faɗi abin da suka fahimta. Sai a tambayi 'yan wasan abin da suka nufa. Tazarar da ke tsakanin nufi da fahimta, ita ce aikin gobe. Jagora ya ba kowa gyara ɗaya tak, a sake fitowar nan take tun jiki bai huce ba. Gyara 5 a lokaci guda, ba a riƙe ko ɗaya. Kuma a riƙa sauya abokan aiki kowane zama, in ba haka ba ƙwararru za su haɗe kansu, a bar sababbi su kaɗai.

Bayan makonni 6 zuwa 8 a fitar da su gaban mutanen da ba su san su ba, a fili, 'yan kallo kewaye. A nan babu gaba babu baya, don haka kada mutum biyu su daɗe a tsaye wuri ɗaya suna fuskantar juna kusa-kusa. Su buɗe tazara, su riƙa sauya kusurwa. Na ga lokaci ya tafi, a ba da dama ga tambaya.

Tambaya daga wata ɗaliba: Malam, mu fim muke son shiga. Wannan atisayen na wasan daɓe zai amfane mu?

Amsa: Zai amfane ki, 'yata. Kyamara tana kusa da fuska, saboda haka tana tona wanda ba ya saurare fiye da yadda dandamali ke yi. Sau da yawa ma fuskar mai sauraro ake ɗauka, ba ta mai magana ba. Abin da za ki rage shi ne girman motsi da ƙarfin murya. Ki gwada fitowa ɗaya sau 2, da tazarar mita 10, sannan da tazarar mita 1, buƙatar tana nan yadda take.

Tambaya daga wani ɗalibi: Malam, za mu iya ɗaukar atisaye da waya mu kalla?

Amsa: Ban da watan farko. Wanda ya fara ganin kansa da wuri zai koma gyaran fuska da tsayuwa, hankalinsa ya bar abokin wasa. Bayan wata ɗaya a ɗauka sau ɗaya a mako 2, daga nesa yadda kowa zai fito, a kalla tare, a goge a gaban kowa. Kada a sa a intanet, domin ɗalibin da ke tsoron za a ga kuskurensa a waje ba zai sake gwada sabon abu a zaure ba.