Ilimin da ba ya shiga fayil

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

Duk ma'aikatar da kuka shiga, in kun tambayi inda iliminta yake, kabad ɗin fayil za a nuna muku, ko kwamfuta. Ni kuwa ina da yaƙinin mafi yawansa ba ya can.

A shekarun 1980, kamfanin Xerox na Amurka, mai ƙera injin fotokwafi, yana da wani masanin al'adun al'umma, Julian Orr, a cibiyarsa ta bincike da ke Palo Alto. Orr bai raba takardar tambayoyi ba. Bin masu gyara ya riƙa yi, inda suka sa ƙafa ya sa, inda suka ci abinci ya ci. Kamfani ya ba kowannensu kundi: in inji ya nuna lamba kaza, ka yi kaza. To amma injin da ya kwana biyu, kullum hannu daban ke taɓa shi, yakan zo da ciwon da kundi bai san da shi ba. Ina suke samun magani? Wajen karin kumallo. Wannan ya ce injin ofishin su wane ya yi mini irin wannan ƙarar, na kwance nan, na duba can, ashe ga inda matsalar take. Wancan ya ce a'a, nawa ba haka ya yi ba. Manaja in ya gifta, cewa zai yi ana zaman kashe wando. Alhali a wannan hirar ake haɗa ilimin da ke riƙe da kamfanin.

Daga baya Xerox ya kafa rumbun dabaru a kwamfuta mai suna Eureka, wanda aka fara a Faransa cikin shekarun 1990. Mai gyara ne ke rubuta dabararsa, 'yan'uwansa su tantance, a sa sunansa a jiki. Wannan sunan, jama'a, ba ƙaramin abu ba ne. Mutum na son abokan sana'arsa su san shi da gwaninta.

Sai ɓangare na biyu, kuma shi ya fi damuna. Jay Forrester, malami a jami'ar MIT ta Amurka, a shekarun 1950, ya duba masana'antun kamfanin General Electric da ke jihar Kentaki, inda ake ɗibar ma'aikata a sallame su, a sake ɗiba, duk bayan kamar shekara 3. Ana ɗora wa kasuwa laifi. Shi kuwa ya nuna cewa yadda manajoji ke yanke shawara, da jinkirin da ke tsakanin shawara da sakamakonta, sun isa su haifar da wannan hawa da sauka.

Ku auna ilimi da wannan ma'auni. Kamar ruwan randa yake: ana zubawa ta sama, yana yoyo ta ƙasa. Koyon aiki da hira su ne zubi. Ritaya, canjin wurin aiki da mantuwa su ne yoyo. A Najeriya, galibin ma'aikatan gwamnati na ajiye aiki a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, wato ranar tafiyar kowa sananniya ce tun da wuri. Amma sau nawa ake haɗa dattijon da matashi su yi ko shekara guda tare? Sai a ce ya rubuta takardar miƙa aiki, shafi biyu.

Shugaban da ya dakatar da ɗaukar sababbi, ya hana zaman hira, zai ga kuɗi sun ragu masa a bana, har a yaba masa. Randa ba ta nuna ƙasanta nan take. Sai bayan shekaru, ran da famfo ko na'ura ta tsaya aka rasa wanda ya san kanta, lokacin shi an daɗe da yi masa ƙarin girma, wanda ya gaje shi ke shan zagi.

Nan zan dakata, a kawo tambayoyi.