Labulen karaban: a wanke ko a ɗinka sabo?

Sani: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kumasi. Yau hirarmu a kan labulen karaban ce, wato wannan ɗan ɗakin kwana mai taya da ake ɗaura wa mota ta ja. A Turai da Amurka da shi ake fita hutu. Waɗanda ke iso mana nan kuwa yawanci tsofaffi ne, sun sha aiki kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Tare da ni akwai Mma Asabe, tela a Aboabo, da Masta Iliya, wanda ke gyaran cikin mota a Suame Magazin, unguwar makanikai. Barkanku da zuwa.

Mma Asabe: Barka kadai, Sani.

Masta Iliya: Yauwa ɗana, barka da aiki.

Sani: Masta, bari in fara da ku. Mutum ya sayi karaban, ya buɗe ƙofa, ya tarar labulen duk ya koɗe yana warin rima. Mene ne abin yi na farko?

Masta Iliya: Kada ya yi gaggawar cizgewa. Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne abin da ke riƙe da labulen. Yawancinsu a kan wani siririn layin aluminiyam suke tafiya, da 'yan ƙananan ƙugiyoyin roba a ciki. Robar nan idan ta tsufa ta sha zafi, da ka ja ta da ƙarfi sai ta karye. To a sauke a hankali, a tara ƙugiyoyin a leda, domin ba lallai a sami irinsu a kasuwa ba. Sannan a shafa bangon da ke kewaye da tagar. Idan katakon ya yi laushi ko ya yi baƙi, ruwa ne yake shiga ta bakin taga. Wanda ya rataya sabon labule a kan wannan, damina ɗaya ta ishe shi ya koma gidan jiya.

Mma Asabe: Musamman a nan Kumasi da muke da damina biyu a shekara. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa, a ɗan huta, Satumba ya dawo. Abu a rufe, ba iska, fumfuna ba ta neman abin da ya fi haka.

Sani: To Mma, yaya ake gane wanda wanki zai cece shi?

Mma Asabe: Ka kama yadin ta gefen da ke kallon rana, ka ja shi tsakanin yatsunka. In ya yage kamar takarda, rana ta riga ta cinye zaren, ko ka kai shi wurin wa ba zai dawo ba. In kuwa ya tsaya da ƙarfinsa, datti ne kawai da ƙura. Sai ka fita da shi waje ka kakkaɓe fumfunar da buroshi, ka rufe hancinka, kada ka yi a cikin ɗaki. A jiƙa a ruwan sanyi da ɗan farin binega, a wanke da hannu da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa. Ban da bilic idan yadin mai launi ne. Kuma a mayar da shi kan layinsa tun yana da ɗan sauran danshi, nauyinsa zai miƙar da shi, amma a bar tagogi a buɗe har ya bushe sarai.

Masta Iliya: Akwai wani iri mai farin soso a manne a bayansa, na tare sanyi.

Mma Asabe: Wannan ba na ko taɓa shi da ruwa. Idan ya tsufa marmashewa yake yi, ya cika wuri da gari. An yi shi ne don ƙasar sanyi. A cire kawai.

Masta Iliya: Ni dai shawarar da nake ba mutane, su je gwanjo a kasuwar Kejetia. Labulen gida na Turai suna zuwa a dila, manya masu kauri, guda ɗaya sai ya rufe taga uku.

Mma Asabe: Masta, araha ba ta ado. Ban hana gwanjo ba, akwai masu kyau ƙwarai, ni ma ina saye. Amma labulen falo nauyi gare shi, kuma kai da bakinka ka ce ƙugiyoyin nan ba su da ƙarfi. Ka ɗora musu wannan kaya ka kama hanyar Techiman zuwa Kintampo, kowane rami sai ya fizge su.

Masta Iliya: Nan kam kin yi gaskiya. Bangon karaban ma siririn katako ne da soso a tsakiya, sai fatar waje. Ba ya ɗaukar nauyi, kuma wanda ya sa dogon sukuru sai ya huda har waje, ya buɗe wa ruwa hanya.

Mma Asabe: Shi ya sa nake cewa a nemi yadi marar nauyi, a kashe kuɗin a kan shafi. Mutane idonsu a kan fuskar labule yake, wace atamfa, wane zane, GTP ce ko ta Akosombo. Alhali shafin da ke baya shi ne yake fuskantar rana kullum. Ka sa fari ko ruwan madara, zai mayar da haske waje, ɗakin ya rage zafi, atamfar kuma ta daɗe ba ta koɗe ba. In ka bar baƙi ko shuɗi mai duhu yana kallon taga, zafi zai tara maka. Kuma ni ba na haɗe shafi da fuska ta ƙasa. Ina ɗinke su ta sama da gefe kawai, domin ranar da rana ta cinye shafin a farke shi a sa wani, atamfar tana nan.

Sani: Atamfa dai auduga ce, Mma. Ba ta shiga idan an wanke?

Mma Asabe: Tana shiga, shi ya sa ake wanke ta a goge kafin almakashi ya taɓa ta. Tsohon labulen kuma kada a jefar, shi ne ma'auninka. Amma a sake auna tagar da tef, don tsohon ma wataƙila ya shige. Faɗin yadi ya zama ninki ɗaya da rabi na faɗin taga, ya isa. Ninki biyu na ɗakin gida ne, a nan wurin ba shi da yawa. Faɗin atamfa bai kai inci 50 ba, tagogin karaban kuma gajeru ne, don haka yadi 6 yana yin nisa. Sai dai a lura da zanen, kada tsuntsu ya zo a kife a taga ɗaya, a tsaye a ɗaya.

Masta Iliya: Bari in yi maganar da ta fi damuna, wato tagar da ke bayan murhun gas. Nan ba wurin labule mai lilo ba ne. Auduga tana kamawa da sauri, yadin roba kuma narkewa yake yi ya manne a fata. Ɗakin ƙarami ne, ƙofa ɗaya, ga tukunyar gas a kusa. Ko dai a bar tagar nan ba labule, ko a sa na aluminiyam mai sala-sala. Ina roƙon duk mai sauraro ya ɗauki wannan da muhimmanci.

Sani: Allah Ya kiyaye.

Mma Asabe: Amin.

Masta Iliya: Sai ita kanta tagar. A karaban na Turai yawanci ba gilashi ba ce, roba ce mai haske, biyu a haɗe. Kada a goge ta da sifirit ko fetur, tsattsagewa take yi. A lokacin hunturu ma kada a share ƙurar da busasshen tsumma, zai karce ta. A zuba ruwa tukuna. Kuma wasu suna da labulen naɗi a jikin firam tare da ragar sauro. Idan rana ta take, kada a rufe shi ruf, a bar tsaga, in ba haka ba zafi ya taru tsakaninsa da robar har ta lanƙwashe.

Sani: To idan ƙugiyoyin sun ƙare, ba a samu a kasuwa ba fa?

Masta Iliya: Wayar labule mai rufin farar roba, wadda ake samu a kowane kanti. A ɗaura ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, da gajerun sukurori.

Mma Asabe: Ni kuma in yi masa kalmasa sama da ƙasa, wayar ta bi ta ciki. Ba ya lilo a hanya, ba ya shafar kan mai barci. In ana son ɗaure shi gefe da rana, guntun atamfar da ya rage shi ake yi wa maɗauri da maɓalli.

Sani: Madalla. Mma Asabe, Masta Iliya, mun gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.